Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata Da Yadda Ya Riƙe Kasuwa Da Yaransa

A Sabo ta Badun, da Shagamu, da Agege, da duk wani zango na Kudu inda Hausawa ke ɗaure huhun goro ko sauke shanu, da wuya a yi hirar dukiya a tashi ba a ambaci sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ba. Abin da aka fi faɗa kuwa shi ne labarin raƙuma 20 da suka kai masa kuɗi banki, da dalar gyaɗa ta Kano. To, waɗannan ƙarshen labari ne. Farkonsa maraya ne wanda gadon ubansa bai kai shi ko'ina ba. Tsakiyarsa kuma, wadda ita ce ta fi shafar mai karatu, ko shi mai gida ne ko yaron wani, ita ce yadda mutum guda ya riƙa damƙa wa mutane kuɗinsa suna bazuwa cikin ƙauyuka inda idonsa ba ya kaiwa, kuma kuɗin suna komowa da riba shekara da shekaru.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Gidansu gidan Agalawa ne, watau fataken nan da kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka kuma riƙe fataucin goro tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya kafa gida a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jan ayari zuwa Gwanja, shi ne ya mai da gidan Bebeji. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan ayarin Gwanja, domin a nan ne asalin dabarar da Alhassan ya yi aiki da ita daga baya. Ayari kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da baƙin rini, da kanwa, da jar fata, da sauran kayan Arewa. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ba su da wasa, su yi ta biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, har su sauka Salaga, babbar kasuwar da goron Asante ke fitowa. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda. Madugu ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin zango.

Shi kuwa goro, kamar yadda mutanenmu na Shagamu suka fi kowa sani, kaya ne mai rai. Sai an riƙa kwance huhu ana dubawa, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince wanda sankara ta kama tun bai ɓata na kusa da shi ba. Yaron da ya yi kasalar kwana uku ya iya jawo wa mai gidansa asarar tafiyar shekara. Kuma babu yadda za a yi mai gida ya tsaya a kan kowane huhu. Saboda haka tun kaka da kakanni fatake suka gane tsawa da bulala ba sa tsare goro, sai dai yaro ya san yana da rabo a cikin tafiyar. Sai a bar shi ya ɗora ɗan kayansa a kan jakin mai gida, ya sayar ya riƙe ribarsa. In ya yi 'yan tafiye-tafiye aka ga amanarsa, a yi masa aure, a ba shi ɗaki a cikin gida. In ya ƙara girma a yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa, amma har abada shi ɗan gidan ne, duk salla yana zuwa gaisuwa, duk wata harka da ya ji kuma gidan zai fara kai wa. Kada a manta, a wancan zamani da yawa cikin waɗannan yara bayi ne, ba da son ransu suka shigo gidan ba. Duk da haka su ma sai da aka haɗa musu da rabo kafin goro ya iso Kurmi lafiya.

Wannan tsari shi ne babban abin da Alhassan ya gada, don dukiya kam bai gaji ta kirki ba. Mahaifinsa ya rasu wajen 1885, yana ɗan shekara takwas. Aka raba gado bisa shari'a, abin da ya taru a hannun madugu guda ya watse kashi-kashi, rabon Alhassan bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar da ake kira Gana tun 1957, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami Ɗantata. Watau sunan da ke jikin manyan kamfanoni da allunan tituna na matar da ta yi reno ne, na madugun kuwa sai masu tarihi. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana 'yan saye-saye da sayarwa don ya ci da kansa. Mai karatu ya riƙe maganar rabon gadon nan a ransa, gama za ta sake tasowa.

Yana saurayi Basasa ta ɓarke a Kano, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, tsakanin mutanen Tukur da Yusufawa, ba ta lafa ba sai 1895, Aliyu Babba yana kan gadon sarauta. Garuruwa da yawa sun sha wuta, fatauci ya tsaya. Tarihin gidan ya nuna cewa an kama Alhassan da 'yan'uwansa a cikin wannan hargitsi, sai da suka fanshi kansu. Ba a yi shekara goma ba kuma sai ga rundunar Turawa ta biyo ta Bebeji a farkon 1903, ta fasa garin da igwa, ta wuce ta ci Kano.

Shi dai Alhassan ya bi sawun iyayensa zuwa Gwanja, har ya kai Ankara wurin mahaifiyarsa. A can ya tarar duniyar goro ta juya. Turawan Ingila sun karya Asante tun 1874, rikicin sarauta ya rushe Salaga a 1892, goro ya karkata ya nufi Kumasi da bakin teku. A 1903 jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da Sekondi, jiragen ruwa kuma suna zirga-zirga daga Sekondi da Ankara zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki. Wajen 1906 Alhassan ya shiga sahun 'yan Arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a hau jirgin ƙasa iyakar inda dogo ya tsaya, sa'an nan jakuna su ƙarasa. Goro ya riƙa isowa da ɗanyensa, asarar hanya ta ragu, jarin da a da ake juya shi sau ɗaya a shekara ya koma juyawa sau da dama. Bai tsaya a goro kaɗai ba, ya haɗa da duwatsun wuya da yadudduka na Turai, duk abin da ya ga matan Kano na nema. Ba ƙaramin abu ba ne ɗan madugu, jikan madugu, ya bar hanyar da aka san gidansu da ita ya bi ruwa. Amma halinsa ke nan har ya mutu: inda ciniki ya karkata nan yake karkata, ba ya jayayya da kasuwa.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun shimfiɗa shi ne da zaton auduga za su kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafi. Masaƙa na gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, ga haraji an ce sai da kuɗin Bature, ga kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe don yin sabulu da man shafa wa burodi. Bugu da ƙari, in shekara ta yi tsanani ana cin gyaɗa, ba a cin auduga. Sai kowa ya faɗa wa gyaɗa. A 1912 abin da Nijeriya ta fitar waje bai wuce tan 2,500 da 'yan kai ba, a 1913 ya haura tan 19,000.

Kamfanonin Turawa da suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi suna da kuɗi, amma ba su da Hausa, ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Dole suka nemi fataken goro, domin su ne ke da yara a kowace kasuwa. Su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka fara. Kamfani ya ba attajiri kuɗi da gishiri da yadi, attajiri ya rarraba wa yaransa, yara su shiga ƙauye su gai da dagaci, su sa a yi shela, su saye gyaɗa su ɗoro wa jakuna da raƙuma zuwa sikelin kamfani. Alhassan bai yi gaggawar shiga ba. Sai a 1918, yana da shekara 41, Kamfanin Neja ya neme shi ya zama mai saya masa gyaɗa, ya karɓa. Cikin shekara huɗu, watau zuwa 1922, an riga an ɗauke shi a kan ya fi kowa dukiya a birnin Kano, ya wuce waɗanda suka riga shi.

To, yaya aka yi na baya ya wuce na gaba? Zamansa a bakin teku ya ba shi abin da tsofaffin attajirai ba su da shi. Ya ɗan ji Turanci, ya ga yadda kantunan Turawa ke ajiye lissafi a littafi, ya san farashin Ikko ba na Kano kaɗai ba. Yana da jarinsa na kansa tun daga goro, don haka ba a kan kuɗin kamfani kawai ya dogara ba. Amma a ganina babban sirrin yana wajen mutanensa, da yadda ya san abin da ke sa kowane irin mutum ya tashi tsaye.

Mutanensa iri biyu ne. Akwai masu albashi: akawuna, da direbobi, da leburori. A cikinsu akwai Hausawa, akwai Yarabawa, akwai Ibo, mutanen da suka baro garuruwansu suka zo neman abinci Kano kamar yadda mai karatu ya baro nasa ya zo Kudu. Akawun da ya fito daga makarantar mishan ba ɗaki a zauren mai gida yake so ba. Yana son ya san abin da zai karɓa ƙarshen wata, ya aika gida, ya biya kuɗin makarantar ƙanensa. Alhassan ya biya shi da abin da yake so, ya kuma sami abin da shi ma yake so daga gare shi, watau littafi mai tsabta wanda akawun Bature ba zai yi masa gardama a kai ba. Bai ce sai ɗan garinsu zai riƙe masa alƙalami ba.

Sai kuma yaran gida da wakilai na ƙauyuka, waɗanda ya riƙe bisa tsohon tsarin ayari. Da yawa a gidansa suke zaune, ba su biyan haya, shi ke ɗauke musu ɗawainiyar aure, wasu ya ba su gidaje, ana kuma lissafa su cikin iyalinsa. In kaka ta gabato a ba wakili kuɗi ya tafi yankinsa. Samunsa yana bin yawan buhunan da ya kawo, saboda haka ba ya bukatar a tashe shi da asuba, shi da kansa zai riga wakilin wani attajirin isa bakin kasuwa. Wanda ya kawo kaya daidai da kuɗin da aka ba shi, baɗi a ƙara masa. Wanda ya nuna ƙwazo shekara da shekaru, shi ma ya wayi gari yana da nasa yaran a ƙarƙashinsa.

Mai karatu zai ce, to me ya hana wakili ya tattara kuɗin ya shiga duniya? An yi masu yin haka a kowane zamani, kuma kowane mai gida a Sabo yana da labarin nasa. Amma dubi lissafin da ke gaban yaron. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin gidan mai gida. Kuɗin da zai gudu da su na kaka ɗaya ne, alhali in ya zauna za a ba shi fiye da haka baɗi da baɗin baɗaɗa. In ma ya gudu, ina za shi? Hanyar da goro ke bi ita labari ke bi. Kafin ya sauka Badun ko Kumasi sunansa ya riga shi, babu mai masaukin da zai yarda ya ajiye masa ko da ƙwarya guda ta goro. Ga kuma tsoron Allah da kunyar idon jama'a, waɗanda a lokacin suna da nauyi ƙwarai. Alhassan ya ɗauki wannan tsohuwar igiya ya haɗa ta da sikeli da littafin akawu. Amana tana nan, amma ana auna ta ana rubutawa.

Mu da ke Jos muna da abin gwadawa a ƙofar gida. Kamfanin Neja ɗin nan da ya nemi Alhassan, shi ne ya fara buɗe harkar haƙar kuza ta Turawa a kan dutsen nan tun farkon shekarun 1900, har aka jawo ƙaramin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914. Kamfanonin kuza su ma da hannun 'yan Arewa suka yi arziki, amma dubi yadda suka riƙe su. Lebura ya zo cin rani, a biya shi kuɗin mako, ya tara na haraji, da hadari ya taso ya ɗaure kayansa ya koma gona. Babu abin da ya haɗa shi da kamfani sai kwanon da yake ɗaukar ƙasa da shi, in ya shekara goma a ramin ma ba zai mallaki ko taki ɗaya na filin ba. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Japan ta ƙwace ma'adinan kuza na Malaya a 1942, Ingila ta matsu, sai gwamnati ta koma ga tilas. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Sanyin Jos da cuta da ƙarancin abinci suka kashe mutane da yawa, wasu suka yi ta gudu. Na san aikin rami daban, sayen gyaɗa daban. Amma a cikin waɗannan shekaru ɗin dai, mutane da ƙafarsu suke zuwa ƙofar attajiran Kano suna neman a ɗauke su yara.

Kada kuma a ɗauka tsarin attajiran ba shi da ƙaya. Wanda ke can ƙasan tsani shi ne manomi. In damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, ga haraji a wuya, manomi kan karɓi kuɗi ko hatsi daga mai saye a kan zai biya da gyaɗa in kaka ta yi, kuma a farashin da mai bukata ba ya iya musu. Tsakanin gona da sikelin kamfani hannuwa nawa ne, kowanne sai ya lasa. Ƙorafin tauye mudu da murɗa sikeli bai taɓa ƙarewa ba a harkar gyaɗa, ko a yaran wane gida ne. Shi kansa yaron gida, duk daɗin da yake ji, ba shi da takarda. Ci gabansa yana rataye ga halin mutum guda. In mai gida adali ne ya ji daɗi, in kuwa mai riƙo ne ya tsufa yana jiran jarin da ba zai zo ba, in ya yi magana a ce ya yi butulci. Akawun da ke karɓar albashi, ko da kaɗan ne, ya fi shi sanin inda ya tsaya. Wannan magana har yanzu ba ta mutu ba a zangunanmu, masu gida da yara duk sun san haka.

A shekarar 1929 ne aka yi abin nan da ya shiga bakin duniya, lokacin da Alhassan ya kai ajiya bankin B.B.W.A. na Kano, wanda ya zama First Bank daga baya, lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa. Mutane sun fi kallon yawan raƙuman. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne a lokacin yawancin masu kuɗi binnewa suke yi a tukwane ko su kulle a ɗaki, suna ƙyamar banki. Shi kuwa ya lura kuɗin da ke ɗaki ba sa tafiya, na banki kuwa da takarda guda sun isa Ikko. A wannan shekara dai Kamfanin Neja ya haɗu da wani babban kamfani suka zama U.A.C., Alhassan ya zama babban mai saya musu gyaɗa. Sai ga karyewar kasuwannin duniya, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930. Kamfanonin Turawa suka riƙa haɗa baki a kan farashi, ga Kwarori da irin su Saul Raccah, mutumin Tarabulus, suna takara mai zafi. Masu saye da dama sun durƙushe a wannan lokaci. Gidan Ɗantata ya tsaya, dalili kuwa ba a ƙafa ɗaya yake tsaye ba: ga goro, ga yadi, ga shanu da hatsi, ga filaye da gidaje. Dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, motoci suka fara maye gurbin jakuna, duk ya bi su da wakilansa.

Dalar gyaɗa ma da ake danganta farkonta da shi, asalinta larura ce. Gyaɗa ta fi ƙarfin taragon jirgi, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, dole a jibge ta a fili ta jira. Sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama kamar dutsen Dala, yadda za a iya rufe su a kuma san adadinsu. Ana lissafin dala guda kan ci buhu wajen 15,000. Leburorin da suka riƙa hawa da buhu a ka har ƙololuwa, su ba a cika tunawa da su ba in ana nuna hoton.

Duk da wannan dukiya, akwai rufin da mulkin Turawa ya yi masa wanda ya daɗe bai fasa ba. Shi mai saya wa kamfani ne, kamfani ke fitarwa waje ya ci babbar riba. Da yaƙi ya zo gwamnati ta karɓe harkar fitar da amfanin gona, bayan yaƙi aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa a 1949, ita ke yanka farashi, ita ke ba da lasin saye. Sai a ƙarshen rayuwarsa, a farkon shekarun 1950, Alhassan ya sami lasin sayar wa Hukuma kai tsaye, kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin da ya yi wa aiki fiye da shekara 30.

Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, zamanin da yawancin alhazanmu a ƙasa suke tafiya ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Ya kuma biya wa mutane da dama kuɗin hajji. An san shi da tsimi da rashin son almubazzaranci. 'Ya'yansa bai bar su su zauna a zaure suna jiran gado ba, ya sa su cikin aikin tun suna samari. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya fara ne a 1948 a matsayin mai sayen gyaɗa, kamar kowane wakili, kafin a tura shi ya riƙe harkar gidan a Sakkwato.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, abin da ya fi damunsa shi ne abin da ya gani yana ɗan shekara takwas. Ya san dukiyar attajirin Hausa takan mutu tare da shi: a raba gado, kowane ɗa ya ja nasa, yaran gida su rasa wanda za su bi su watse, shekara biyar sai suna. Ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, su riƙe zumunci. Ya kira babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli, ya nuna masa burinsa kada kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje bayan ransa. Abin lura, cikin waɗanda ya damƙa wa wannan amana har da mutumin da aiki ya haɗa su. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a birnin Kano. A lokacin ana lissafa shi a kan ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allah ya ji ƙansa.

An raba gado kamar yadda shari'a ta ce, amma kamfanin ya ci gaba. Babban ɗansa Ahmadu ya riƙe shi har ya rasu a 1960, Aminu ya karɓa. Sanusi ya kafa tasa harkar da nasa wakilan, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu lasin sayen gyaɗa a Jihar Arewa, ya rasu a 1997. Mamuda ya yi suna a harkar jigilar alhazai. Ita gyaɗar kuwa ba ta daɗe ba. Farin farkon shekarun 1970, da kuturtar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur da suka janye hankalin gwamnati daga gona, suka taru suka kwashe dalar Kano. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona ɗungum. Kafin nan gidan ya riga ya karkata ga gine-gine da kwangilar hanyoyi, irin su kamfanin Dantata and Sawoe, da sayar da kayan masarufi da harkar mai. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a Kano a 1957, ɗan Hajiya Mariya ne, 'yar Sanusi, shi ne ya gina matatar mai ta Lekki a Ikko wadda aka ƙaddamar a 2023. Alhaji Aminu ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne.